Sun ce za a yi ruwa, to sai mu yi yaya?

Cikin watan Satumban 2025 abu biyu suka same ni, tsakaninsu bai wuce sati biyu da 'yan kwanaki ba, kuma har yau in na zauna ni kaɗai sai in riƙa jera su ina kallo. Na farko a gida Zariya, na biyu a nan Gwangzu ta ƙasar Chaina inda nake fama da harkar lodin kaya, wato in ɗan kasuwa daga Kano ko Kaduna ya sayi kaya a nan, irinmu ne ke tattara masa su a sito mu cusa a kwantena mu tura Legas.

Na gida shi ne ruwan da aka tafka a farkon watan, wanda ya shiga gidajen mutane ta wajen Tudun Jukun da Magume da wani yanki na Tudun Wada, duk wanda ya san ƙoramar Kamaca ya san halinta in ta cika. Yayana yana da shagon kayan masarufi a gangare, fulawa da sukari da shinkafa da gishiri da su omo. Mun riga ku da awa bakwai a nan, to ni rana ta riga ta yi nisa sai ga kiransa, kuma shi ba mai kira ba ne, sai dai ya turo murya a WhatsApp. Na ce Yaya lafiya dai ko? Ya ce ina fa lafiya, ruwa ya kwana a shago. Ya juya min kyamara, buhunan sukari na layin ƙasa duk sun lotse kamar an tsotse su, fulawa ta zama ƙullu a cikin buhunta, yaron shagon yana kwasar ruwa da bokitin fenti yana watsawa waje ruwan yana dawowa ta ƙarƙashin ƙofa. Shi kuma Yaya ba abin da yake maimaitawa sai sukarin nan bashi ne, ranar Asabar aka sauke shi.

Ni da ƙaramin baki sai na ce, amma Yaya ai ana ta sanarwa, ina gani a Facebook kusan kullum a damina ana jero jihohin da za a yi ruwa mai yawa kuma da wuya ka ga babu Kaduna a ciki. Ya yi shiru sannan ya ce, Kaduna ta ina? Birnin Gwari ko Kafancan? Kuma in sun ce za a yi ruwa sai in yi yaya, damina ce fa. Wallahi ban samu amsar ba shi ba, sai na ce Allah ya mayar da alheri muka yi sallama.

Bayan sati biyu sai ga guguwar da suka sa wa suna Ragasa ta nufo mu. Tun kwana uku kafin ta iso wayata ba ta huta ba, saƙon tes daga hukuma, saƙo daga mai gidan haya, saƙo daga mai siton da muke ajiya. Kuma abin da na lura da shi, babu saƙon da ya tsaya a kan cewa za a yi iska kawai, kowanne da aikin da ya ɗora maka. Mai sito ya ce duk katan ɗin da ke ƙasa a ɗora shi kan katako kafin azahar, bayan nan zai kulle ba mai shiga. Mai gida ya ce a sauke tukwanen furanni da shanya daga baranda. Masu gadin unguwa suna jera buhunan yashi a bakin garejin ƙarƙashin ƙasa, an datse rassan bishiyoyin bakin titi, tagogin benaye duk an manna musu salatif an gicciya, ko yana wani amfani ko ba ya yi oho, kowa dai ya manna. Na shiga kanti sayen burodi na tarar an wawashe ganye da nama tas, abin da ya rage a kan kanta sai barkono, don mutanen wannan yankin ba sa son yaji, ni kuwa Bazazzagi na ce faɗuwa ta zo daidai da zama na kwashi rabona.

Ranar Talata 23 ga wata da yamma gwamnatin birnin ta ayyana abin da suke kira tsayawa biyar, makaranta ta tsaya, aiki ya tsaya, masana'anta ta tsaya, sufuri ya tsaya, kasuwa ta tsaya, sai asibiti da 'yan wuta da ruwa da masu aikin ceto kawai. Ba Gwangzu kaɗai ba, Shenzhen da Zhuhai da birane fiye da goma duk haka. A lardin Gwangdong baki ɗaya an kwashe mutum wajen miliyan 2 daga bakin teku da gidajen da ba su da ƙwari aka kai su makarantu da filayen wasa. Washegari Laraba da la'asar guguwar ta sauka a wajen Yangjiang, can yamma da mu.

Abin da ya fi burge ni ba girman shirin ba ne, don wannan kuɗi ne kuma suna da shi. Launin ne. A nan lardin gargaɗin guguwa hawa biyar ne, fari, shuɗi, rawaya, ruwan lemo, ja, kuma kowane launi an riga an rubuta abin da yake nufi tun kafin ranar ta zo. In aka ɗaga rawaya na guguwa, ko ja na ruwan sama, makaranta ta rufu da kanta, ba sai uwa ta jira wani kwamishina ya tashi daga barci ya sa hannu ba, ba kuma sai ta kira hedimasta ba. Ta ga launi a waya ta san yau yaro yana gida. Mai kamfani shi ma ya san abin da ke kansa, ya jinkirta shigowar ma'aikata ko ya sallame su da wuri ko ya rufe. A Hong Kong da ke nan kusa da mu lamba suke amfani da ita, in za a ɗaga lamba 8, wato alamar guguwa mai ƙarfi, sai hukumar yanayi ta ba da sanarwa kamar awa biyu kafin nan don mutane su samu su isa gida, kuma ma'aikatar ƙwadago tana matsa wa masu kamfani su zauna da ma'aikatansu tun farko a yi yarjejeniya, wa zai zo ranar guguwa, wa zai zauna, yaya za a yi da albashi. Shekara da shekaru har kasuwar hannun jarinsu rufewa take yi in an ɗaga lamba 8, sai a Satumban 2024 suka daina tunda yanzu cinikin duk ta kwamfuta ake yi. Wato kowace sana'a an dube ta an ce ke ga naki.

Kar wani ya ce ɗan Zariya ya je Chaina ya ga bene ya ruɗe. Su ma sai da suka sha wuya. A 20 ga Yulin 2021 a birnin Zhengzhou an yi ruwan milimita 201.9 cikin awa ɗaya tak, ku kwatanta da Zariya da ruwanta na shekara guda yake wajen milimita 1,000, wato kashi ɗaya cikin biyar na daminarmu ya sauka tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na yamma. Masu hasashen yanayi sun ɗaga ja ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma shugabannin birnin ba su tsayar da komai ba, mutane suka tafi aiki kamar kullum, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ta gudu har ruwa ya cika ramin da mutane a ciki, 14 suka mutu a nan kaɗai, a birnin gaba ɗaya mutum 380 ne suka mutu ko suka ɓace. Binciken gwamnatin tsakiya da ya fito a Janairun 2022 ya ce jami'ai sun yi sakaci har sun ɓoye adadin mamata, aka tuɓe shugaban jam'iyya na birnin aka hukunta jami'ai da dama. Tun daga nan duk wani magajin gari a ƙasar nan ya gwammace ya rufe gari a yi masa tsaki da ya bar shi a buɗe a kama shi. To gargaɗi kam an yi a Zhengzhou, abin da aka rasa shi ne wanda zai mayar da gargaɗin ya zama umarni, kuma ni nan ne na ga kamarmu da su.

Kuma rufe garin nan ba kyauta ba ne, ni shaida ne. Ragasa ba ta yi wa tsakiyar Gwangzu wani mugun ta'adi ba, iska ce da ruwa da 'yan rassa a titi, har mutane suna ta barkwanci a waya wai sun sayi abincin sati guda a banza. Ni kuwa kwantenata da ya kamata ta shiga tasha ta makara, jirgi ya canza rana, Alhajin da ke jiran kayansa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ya kira ni ya fi sau goma yana cewa wace irin iska ce ke hana mutum aiki. Mai albashi a kamfani ba ruwansa, doka ta ce a biya shi. Amma masu dakon da ke mana lodi, waɗanda ake biya kan kowace kwantena, da masu kai abinci a babur, ranar ta tafi musu kenan ba mai mayar musu. Har a nan ɗin ma talaka ne ke biyan kuɗin rigakafin.

Mu dawo gida. Abin haushin shi ne ba ma'aikatu muka rasa ba. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, yaushe ruwa zai sauka yaushe zai ɗauke, har tana fassara shi da Hausa, a yaba musu a nan. Hukumar NIHSA mai lura da koguna tana fitar da nata, na 2025 ya lissafa garuruwa 1,249 a ƙananan hukumomi 176 da ke cikin babban haɗarin ambaliya. Ga NEMA mai agajin gaggawa ga ta jiha KADSEMA. Mu a Zariya ma ai abin kunya ne a ce ba mu san sama ba, a Samaru an fi shekara tamanin ana auna ruwan sama saboda binciken noma, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964 wadda ba a tashi jirgi a cikinta sai an duba yanayi, ga NAERLS a jami'ar Ahmadu Bello da aikinta kenan isar da ilimi ga manomi. Ilimin yana nan tsakanin Samaru da Palladan, bai dai gangaro kasuwar Tudun Wada ba.

Ku tuna Afrilun 2025 da ma'aikatan NiMet suka shiga yajin aiki, nan take kamfanin Air Peace ya dakatar da tashin jiragensa, cikin 'yan kwanaki ministan sufurin jiragen sama ya zauna da ma'aikatan aka sasanta. Kun ga inda hasashen yanayi yake da haƙori kenan, an ɗaure shi da doka, babu rahoto babu tashi. Amma in aka zo kan mai shago da mai gidan ƙasa da ɗan acaɓa sai hasashen ya koma nasiha, ana shawartar jama'a da su yi hattara, mazauna bakin kogi su koma kan tudu. Wane tudun? Gidan wa? Wa zai tsare musu kayan da suka bari? Takarda ce ake fitarwa daga Abuja da Turanci don gobe in abu ya faru a ce ai mun faɗa. Sannan in ya faru sai ka ga jerin motoci da katifu da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto, ihu bayan hari. An yi a 2012, an yi a 2022 da mutum sama da 600 suka rasu, an yi a Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare ya cinye kasuwar Monday Market da kayan mutane, an yi a Mokwa a Mayun 2025. Salon bai canza ba.

Kuma kar a ce min wai gwamnati ba ta da hanyar isa ga mutane. A Agustan 2024 lokacin zanga-zanga da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, awa nawa aka ɗauka kafin mai shayin Kwangila ya sani? Ranar zaɓe wa ke buɗe shago? Lokacin haɗa layi da NIN saƙo nawa aka turo wa kowa a waya har da Hajiyarmu da ba ta karanta boko? Zaman korona ma a gida na yi shi, ina Zariya aka kulle jihar sama da wata biyu, na ga yadda aka rufe kasuwar Sabon Gari aka koma cin kasuwa a filayen makarantu. In gwamnati tana son magana ta isa, tana isa har ƙuryar ɗaki.

Sai dai wannan zaman koronan shi ne kuma ya sa ba zan taɓa cewa a kwafo tsayawa biyar a kawo Zariya ba. Na ga abin da kulle ya yi wa mutanen da suke hannu baka hannu ƙwarya, mai baro da mai garuwa da mai tuyar ƙosai da ɗan keke, wanda in bai fita yau ba tukunya ba za ta hau wuta ba yau ɗin. Ka ce masa ya zauna a gida saboda hasashe, in ruwan bai zo ba ka gama da shi har abada, gobe ko tsawa ka rantse da ita ba zai saurare ka ba. Ballantana ma irin ruwanmu daban ne. Guguwar teku ana ganinta a tauraron ɗan adam tun tana kwana huɗu nesa, ana bin sawunta kamar motar haya. Namu hadari ne, ya haɗu a gabas da la'asar, kafin ka kwashe shanya ya iso, ya zuba a Gyallesu ya bar Samaru a bushe. Iskar farkon damina mai yaye kwano minti ashirin ce ta gama aikinta. Ba wanda zai rufe gari saboda wannan.

Abin da ake buƙata ƙarami ne ƙwarai kuma shi ya sa abin ke ci min rai. Ba a rasa sanin wuraren da ruwa ke ci a Zariya ba, duk shekara su ne dai, bakin Kubanni, bakin Kamaca, gangaren Tudun Wada, fadamun Galma. Mai unguwa ya san su gida-gida. A ce akwai mataki ko uku ne kawai, da Hausa, kowa ya haddace su kamar yadda ya haddace kuɗin keke daga PZ zuwa Kofar Doka. Na farko a ce ’yan kasuwa ku ɗaga kaya daga ƙasa, kar a sauke siminti ko sukari ko taki yau. Na biyu a ce makarantun da ke gangare da na allo a sallami yara kafin hadari, kwalbati kaza da gada kaza ba a haye su in ruwa ya hau, a sa ɗan KASTLEA mai ba da hannu a titi ko ɗan sintiri ya tsaya a wurin. Na uku a ce masu kwana a layi kaza ku tashi, an buɗe muku firamare kaza, ga 'yan banga za su kwana a layinku. Saƙon kuma kar ya tsaya a Facebook, ya bi ta Sarkin Kasuwa da shugabannin layi-layi, da ƙungiyar direbobi da ta 'yan keke, da lasifikar masallaci da coci, da gidajen rediyo, da muryar WhatsApp ta minti ɗaya. Mu da muke da fada da hakimai da dagatai da masu unguwa, tsarin da ya fi ƙarni yana isar da sanarwar ganin wata cikin dare ɗaya, wai mu ne za mu rasa yadda za a ce wa mutum ɗaga buhunka.

Da kuma wanda za a tambaya in ba a yi ba. Wannan shi ne ƙashin bayan abin. Ban taɓa jin an sauke wani shugaban ƙaramar hukuma a ƙasarmu don an ba shi gargaɗin ambaliya ya sa a durowa ba.

Mu ma dai da namu, ba zan ɓoye ba. Kwatar da ke gaban shagon Yaya rabinta ledar fiya wata ce da robar lemo, kuma ba daga Abuja aka zo aka zuba ba. Masu shaguna sun daɓe saman kwata da siminti don su ƙara faɗin baranda, wani ya sayi fili a kan hanyar ruwa da arha yana murna. Na faɗa masa haka ya ce to Malam Bature, ka dawo ka yashe mana. Na yi shiru don da gaskiyarsa, daga nesa kowa gwani ne.

Da na je gida hutu na tarar ya sa kafinta ya buga masa dakalin katako mai tsayin gwiwa, sukari da fulawa suna sama, omo da man gyaɗa a ƙasa. Ya kuma samo nasa NiMet ɗin. Akwai wani abokin cinikinsa mai shago a Maigana ta hanyar Soba, gabas da mu kenan, ta inda hadari ke biyowa. Sun yi da shi duk ran da ruwa mai ƙarfi ya sauka a can ya yi masa filashin sau biyu. Muna zaune a bakin shago ina shan zoɓo yana ba ni labarin, ya ce tazarar takan kai rabin awa wani lokacin har fiye, ta ishe shi ya shigo da kayan da ke waje ya toshe bakin ƙofa da buhun yashi uku da ya ajiye a bayan firji. Maƙwabtansa su huɗu yanzu shi suke kallo, in suka ga ya miƙe yana jan tamfol su ma sai su miƙe.

Na ce Yaya in mutumin ya manta fa, ko ba caji a wayarsa? Ya ce ai shi ya sa nake ɗaga masa ƙafa a bashi.